Rabon Gwamnati a Cikin Sa'ar Mutum: Yadda Amurka Ta Ɗora wa Kyautar Gasa Haraji

A farkon shekarun 1940, wata mata na zaune a gidanta a Amurka sai tarho ya yi ƙara. Ta ɗaga. Muryar da ke magana ta yi mata barka, ta ce ta ci dala 900. Ba ta shiga gasa ba, ba ta sayi tikiti ba, ba ta amsa tambayar kowa ba. Ashe wani shirin rediyo ne mai suna Pot o' Gold, wanda masu maganin ƙwannafi na Tums ke ɗaukar nauyinsa, yake zaɓen lamba da ka daga littattafan lambobin tarho na ƙasar, duk wanda ya ɗaga waya ya dace. Ba a jima ba aka kawo mata takardar kuɗin har gida. Tsuntsu daga sama gasasshe.

Hukumar tara haraji ta tarayya, wadda yau aka fi sani da IRS, ta ce sai an ba ta nata kason. Matar ta ce ina, ai wannan kyauta ce, kuma dokar ƙasar ba ta ɗora wa wanda aka yi wa kyauta harajin kuɗin shiga ba. Magana ta kai gaban Kotun Haraji, a 1945 alƙalai suka ba ta gaskiya: ba ta zuba jari ba, ba ta yi wa kowa aiki ba, don haka kuɗin nata ne ɗungurungum. Da a yau ne wayar ta yi ƙara, babu lauyan da zai ba ta shawarar zuwa kotu. Daga wancan hukunci zuwa yanzu Amurka ta zama ɗaya daga cikin ƙasashen da suka fi matsa wa wanda ya yi sa'a. Ko tsabar kuɗi ya ci, ko mota, ko gida, ko lambar Nobel, gwamnati na da rabonta a ciki, kuma akwai waɗanda suka sha ɗauri don sun yi kamar ba su san da haka ba.

Harajin kuɗin shiga na tarayya ya tsaya da ƙafarsa ne a 1913, bayan gyara na 16 da aka yi wa tsarin mulkin ƙasar. Dokar ta ce a biya haraji a kan abin da mutum ya samu, ta cire kyauta da gado, amma ba ta fayyace inda samu ya tsaya kyauta ta fara ba. Wani abin dariya shi ne kuɗin ɓarna ya riga kyautar gasa samun tsayayyen hukunci. A zamanin da aka haramta sayar da giya a Amurka, wani ɗan fasa-ƙwaurinta mai suna Manly Sullivan ya ce shi ba zai cike takardar haraji ba, domin yin hakan tona wa kai asiri ne. Kotun Ƙoli a 1927 ta ce bai isa ba: haramcin sana'a ba ya wanke mutum daga haraji. Da wannan igiya aka ɗaure Al Capone, uban daban Chicago, a 1931. Kashe-kashen da ake dangantawa da shi ba su kai shi kurkuku ba, haraji ne ya ja masa shekara 11. Amma marubuci ko mawaƙin da ya ci gasa da guminsa, shi har lokacin bai san matsayinsa ba, sai yadda alƙalin da ya tarar ya gani.

A shekarar da matar tarho ta yi nasara, wani farfesan shari'a da ya ci dala 3,000 a gasar rubutu ta ƙungiyar lauyoyin Amurka shi ma ya tsira da kuɗinsa, kotun ɗaukaka ƙara ta ce kyauta ce ta ƙarfafa ilimi. Wanda ƙaddara ta faɗa wa shi ne Leroy Robertson, malamin kiɗa daga jihar Utah. Wani attajiri, Henry Reichhold, wanda ke riƙe da ƙungiyar makaɗan Detroit, ya sa dala 25,000 ga duk wanda ya tsara kiɗan da ya fi kowanne. Robertson ya ɗauko wani aiki da ya yi tun tsakanin 1936 da 1939, ya aika, a 1947 aka ce shi ne zakara. Ya biya haraji, sannan ya nemi a mayar masa, yana kafa hujja da cewa kyauta ce. A 1952 Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin da ya juya akalar maganar gaba ɗaya. Ta ce mai shirya gasa tayi ya yi, mai shiga kuma ya karɓi tayin, ke nan ciniki ya ƙullu. Wanda ya cika alƙawarin da doka za ta iya tilasta masa cikawa ba kyauta ya yi ba, bashi ya biya.

Majalisar dokoki ta gaji da wannan ja-in-ja. Da ta sake rubuta kundin haraji a 1954, sai ta sa sashe na 74, wanda ya ce kyautar gasa da lambar yabo kuɗin shiga ne, a biya. Ta bar ƙofa guda: idan an karrama mutum ne saboda aikin addini, ko jinƙai, ko kimiyya, ko ilimi, ko fasaha, ko adabi, ko hidimar jama'a, kuma ba shi ya kai kansa ba, ba a kuma ɗora masa wani aiki nan gaba ba, to kuɗinsa sun kuɓuta. Masu Nobel da Pulitzer aka yi wa wannan ƙofa. Masu sa'ar rediyo kuwa, nasu ya ƙare.

Dokar ta zo daidai da lokacin da talabijin ya shiga gidajen Amurkawa, kuma daidai da lokacin da haraji ya kai ƙololuwa. Daga 1954 zuwa 1963, mutum mara iyali da samunsa ya haura dala 200,000 a shekara yana ba gwamnati 91 cikin kowace dala 100 da ta hau kan wannan adadi. A watan Yunin 1955 tashar CBS ta fara shirin The $64,000 Question, inda kuɗin ke ninkawa duk lokacin da mutum ya amsa tambaya daidai. Wanda ya kai dala 32,000 sai a ba shi mako guda ya yi shawara: ya ɗauka ya tafi, ko ya nemi 64,000 ya yi kasadar rasa abin da ya tara. Masu kallo na ganin jarumta ce ko tsoro. Masu lissafi kuwa sun san cewa ga mara iyali, fiye da kashi biyu cikin uku na rabin nan na biyu aljihun gwamnati zai tafi. Ke nan mutum zai jefa dukiyar da ke hannunsa cikin haɗari don neman ƙarin da ko kusa bai kai yadda ake shelarsa ba. Gino Prato, wani mai gyaran takalma a New York da ya haddace tarihin waƙoƙin opera, ya tsaya a 32,000 ya koma gida, kuma babu mai hankalin da zai ce ya yi wauta. Wanda ya faɗi a manyan tambayoyi akan ba shi motar Cadillac ta rarrashi, ita ma da nata harajin. Daga baya ma aka gano ana maguɗi a irin waɗannan shirye-shirye. Charles Van Doren, wanda ya kwashi dala 129,000 a shirin Twenty-One, ya amsa a gaban majalisa a 1959 cewa ana ba shi amsa tun kafin a fara. Maguɗin bai rage wa kowa haraji ba.

Babu wanda wannan zamani ya murƙushe kamar Joe Louis. Shi ba ɗan sa'a ba ne, da ƙarfin damtsensa ya riƙe kambun damben duniya ajin masu nauyi daga 1937 zuwa 1949, ya kare shi sau 25. A farkon 1942, Amurka na cikin yaƙin duniya na biyu, ya yi dambe biyu, ɗaya da Buddy Baer ɗaya da Abe Simon, ya sadaukar da ladansa ga asusun taimakon sojojin ruwa da na ƙasa, shi kansa kuma ya sa kakin soja. Hukumar haraji ta lissafa kuɗin a matsayin samunsa. Gaskiya ba wannan kaɗai ya kai shi ƙasa ba. Louis mutum ne mai sakin hannu, masu kula da harkarsa na yankar babban kaso, kuma yana cin bashi da sunan damben da bai riga ya yi ba. Amma da bashin haraji ya soma haihuwa, tara kan tara, ruwa kan ruwa, sai ya fi ƙarfinsa. A 1950 aka ce ana bin sa sama da dala 500,000.

Dole ta mayar da shi fage bayan ya yi ritaya. Ezzard Charles ya doke shi a 1950, a watan Oktoban 1951 kuma Rocky Marciano ya kai shi ƙasa har ya fice ta tsakanin igiyoyi. Duk damben da ya ƙara yi don rage bashi sabon haraji yake jawowa. Kafin shekarun 1950 su ƙare bashin ya haura dala miliyan 1. Ya gwada kokawar nishaɗi, ƙarshe ya zama mai tarbar baƙi a gidan caca na Caesars Palace da ke Las Vegas. Da ya rasu a 1981, ƙasar da ta bi shi bashi rabin rayuwarsa ta binne shi a maƙabartar jarumanta ta Arlington.

Tsabar kuɗi dai ana iya yanka ta a miƙa wa gwamnati nata. Rikicin ya fi yawa idan kaya aka ci. A 1948 wani magidanci ya amsa tambayar waƙa a rediyo, ya ci tikiti biyu na jirgin ruwa, ajin manya, daga New York zuwa Buenos Aires da dawowa. Farashinsu dala 2,220, ba a sayarwa, ba a ba wani. Matarsa 'yar asalin Brazil ce, don haka ya lallaba kamfanin ya musanya masa da tikiti huɗu na ƙaramin aji zuwa Rio de Janeiro, suka tafi da 'ya'yansu biyu. A takardar haraji ya rubuta dala 520. Hukuma ta ce 2,220. Kotun Haraji a 1954 ta duba ta ga mutumin ba zai taɓa sayen irin wannan tikiti da kuɗinsa ba, ta kuma ga ya ci moriyar tafiyar, sai ta raba gardama a kan dala 1,400. Wannan sassauci bai zama al'ada ba. Ƙa'idar da ake bi ita ce farashin kasuwa, ko mai kayan na so ko ba ya so.

'Yan wasa sun yi ta ƙoƙarin kutsawa ta ƙofar nan ta masu fasaha. Paul Hornung na ƙungiyar Green Bay Packers ya samu motar Corvette daga wata mujallar wasanni bayan wasan ƙarshe na 1961, ya sayar, bai rubuta ba. Da aka taso shi sai ya ce ai ƙwallon da yake bugawa fasaha ce, har ma da ilimi a ciki. Kotu a 1967 ta ce a'a. Maury Wills na ƙungiyar Dodgers ya samu wata ɗamara mai ado da zinariya da duwatsu masu daraja, ya ce wannan abin tunawa ne, ba na sayarwa ba. Aka ce ya biya. Har tsintuwa ba ta tsira ba: wasu ma'aurata a jihar Ohio sun sayi tsohon fiyano a kan dala 15 a 1957, bayan shekara bakwai suna share shi suka tarar da dala 4,467 a ciki, kotu a 1969 ta ce kuɗin shiga ne.

A 1986, zamanin Ronald Reagan, aka rufe sauran ƙofar. Tun daga nan, Ba'amurken da ya ci Nobel sai ya biya haraji kamar kowa, sai fa idan ya ce a wuce da kuɗin kai-tsaye ga wata ƙungiyar jinƙai ko hukumar gwamnati ba tare da sun shiga hannunsa ba. Barack Obama ya raba dala miliyan 1.4 na kyautar zaman lafiya ta 2009 ga ƙungiyoyin agaji. Masanin kimiyyar da ke son gyara gidansa da kuɗin, shi sai ya haƙura da abin da ya rage.

Ana cikin haka jihohi suka gano cewa caca ma hanyar samun kuɗi ce. New Hampshire ta fara sayar da tikitin cacar gwamnati a 1964, yau jihohi 45 cikin 50 na yi. Mai karatu da addininsa ya hana shi caca zai iya cewa wannan matsalar wasu ce, amma dokar ba ta bambanta tikitin caca da gasar karatu ko ta girki ba, sashe ɗaya ne ya haɗa su. Abin da yaɗuwar cacar ta kawo shi ne takarda. Shekaru da dama ƙa'idar ita ce duk wanda ya ba da kyautar da ta kai dala 600 sai ya cike fom, kwafi ɗaya ga wanda ya ci, ɗaya ga IRS. Idan cin caca ne da ya haura dala 5,000, ana zare kashi 24 cikin 100 tun kafin kuɗin su taɓa hannun mai su. Ɗan kasuwa na iya ɓoye cinikinsa, mai karɓar kuɗin hannu na iya rage lissafi. Wanda ya ci gasa kuwa an riga an kai sunansa, an ɗauki hotonsa riƙe da ƙaton caki. A cikin duk masu zille wa haraji babu wanda ya kai shi rashin maɓoya.

Richard Hatch ya gwada duk da haka. A shekarar 2000 CBS ta kwashi mutum 16 ta ajiye a tsibirin Pulau Tiga na ƙasar Malesiya, a zagayen farko na shirin Survivor, suna fitar da juna ɗaya bayan ɗaya. Bayan kwana 39 Hatch ne ya rage. Daren 23 ga Agusta da aka nuna ƙarshen shirin, mutum wajen miliyan 51 ne suka ga an ce ya ci dala miliyan 1 da mota.

Abin da ya biyo baya ya fito dalla-dalla a kotu. Ya je wurin akanta na farko, aka haɗa masa lissafi da kuɗin gasar a ciki, aka ce gwamnati na bin sa sama da dala 370,000. Bai kai takardar ba. Ya koma wurin wata akantar, ita ma ta lissafa, nata ya fito sama da 230,000. Ita ma bai kai ba. Sai ya roƙe ta ta gwada masa yadda lissafin zai kasance da a ce bai ci gasar ba sam. Ta yi masa, ta kuma gargaɗe shi cewa wannan na misali ne, ba na kai wa hukuma ba. A wannan takarda ta misali, maimakon ya biya, gwamnati ce za ta mayar masa da rarar kusan dala 4,500. Ita ya sa wa hannu ya aika. Bai tsaya nan ba: fiye da dala 300,000 da ya samu a aikin rediyo a Boston da kuɗin hayar gidansa su ma bai bayyana ba.

A farkon 2005 aka ba shi damar amsa laifi a sassauta masa. Ya yarda, ya dawo ya fasa. Da aka zauna shari'a a Providence ta jihar Rhode Island, ya ce shi a zatonsa masu shirin ne za su biya masa harajin. Masu taya alƙali yanke hukunci suka wanke shi daga tuhumar zamba, amma a watan Janairun 2006 suka same shi da laifi a kan haraji. Alƙali Ernest Torres ya ce Hatch ya yi ta shirga ƙarya a gaban kotu, ya ƙara masa a kan haka, ya yanke masa wata 51. Ya fito a 2009, a 2011 aka sake mayar da shi na wata tara don bai gyara takardun harajin ba kamar yadda aka umarce shi. Da ya biya tun farko, da ya tashi da fiye da rabin miliyan da 'yancinsa. Mutumin da ya ci gasa da iya lissafin zukatan abokan tafiyarsa ya kasa lissafin da ɗan makaranta zai yi masa.

Ba kowa ne dokar ta kama da laifinsa ba, kuma nan ne take da abin zargi. Ranar 13 ga Satumban 2004 Oprah Winfrey ta ba kowane ɗaya daga cikin mutum 276 da ke zauren shirinta sabuwar mota Pontiac G6, wadda kuɗinta ya haura dala 28,000. An zaɓo da yawansu ne don an san suna cikin buƙatar mota. Aka yi ihu, aka yi kuka, aka rungumi juna. Bayan kwana kaɗan labari ya fito cewa kamfanin ya biya harajin saye, amma harajin kuɗin shiga na kan kowa, wasu har kusan dala 7,000. Kamar a yi wa talaka kyautar doki ne ba a haɗa masa da harawa ba. Zaɓi uku ya rage musu: su nemo kuɗin su biya, su sayar da motar su biya, ko su ce ba sa so. Haka abin yake ga masu cin katafaren gidan da tashar HGTV ke bayarwa duk shekara, mafi yawansu ba sa zama a ciki, sayarwa suke yi ko su karɓi kuɗi a madadinsa. Attajirin da ya ci mota zai ciro harajin daga asusunsa bai ji komai ba. Wanda aka ba don ba shi da ita, shi ne zai rabu da ita.

Inda duk aka tsaurara, dillalai ba sa rasa abin yi. A filayen sukuwa da shagunan tikiti na Amurka an daɗe da sanin masu karɓar kashi goma: mutum ya ci, ba ya son sunansa ya shiga takarda, sai ya sayar wa wani tikitin a rahusa, wancan ya je ya karɓa da sunansa. Dalilin ɓuyan ba haraji kaɗai ba ne. A jihohi da yawa, kafin a biya mai nasara sai an duba ko ana bin sa tsohon haraji ko kuɗin ciyar da 'ya'yan da kotu ta ɗora masa, a zare. Shi kuma dillalin yana da tasa dabarar, domin shekaru da dama doka ta yarda ɗan caca ya cire asarar da ya yi daga abin da ya ci. Sai ya rubuta cewa ya ci dubu ɗari, ya kuma yi asarar kusan dubu ɗari, har ya nemi a mayar masa da abin da aka zare.

A jihar Massachusetts wani magidanci da 'ya'yansa suka mayar da wannan sana'ar gida. Tsakanin 2011 da 2020 sun kai tikiti fiye da 14,000, sun karɓi sama da dala miliyan 20, masu shaguna na haɗa su da waɗanda suka ci suna karɓar la'ada. Yawan sa'ar ne ya tona su, don babu ɗan Adam ɗin da ke cin caca kullum safiya. A ƙarshen 2022 kotun tarayya a Boston ta sami uban da ɗa guda da laifi, a 2023 aka yanke wa uban shekara biyar, ɗan kuma wata 50. A wannan jihar dai aka taɓa ganin akasin haka. A 1991 James Bulger, wanda ake kira Whitey, uban 'yan daban kudancin Boston, ya fito a cikin mutum huɗu da suka raba cin dala miliyan 14.3. Masu gabatar da ƙara suka ce sayen kason ya yi da kuɗin ɓarna, don ya samu abin nunawa idan an tambaye shi inda yake samu. Shi ya koyi darasin Capone, neman abin da zai biya wa haraji yake yi. Bayan ya gudu gwamnati ta ƙwace kason.

Manyan lambobin da ake shela su ma sai an tace. A watan Nuwamban 2022 wani tikitin cacar Powerball da aka saya a Altadena ta jihar Kalifoniya ya ci dala biliyan 2.04. Wannan adadi na wanda ya yarda a riƙa biyansa kashi-kashi ne har sau 30. Mai tikitin ya zaɓi a ba shi a dunƙule, sai kuɗin suka koma miliyan 997.6. Aka zare kashi 24 nan take, sauran kuma ya cika lokacin kai takardar shekara, don harajin masu babban samu kashi 37 ne. Abin da ya rage bai wuce miliyan 630 ba, ƙasa da sulusin abin da aka rubuta a allo, kuma ya ci sa'a Kalifoniya ba ta karɓar nata haraji a kan cacar jihar. Baƙon da ba mazaunin ƙasar ba kashi 30 ake zare masa tun a teburin biya, sai in ƙasarsa na da yarjejeniyar haraji da Amurka da ta sassauta. Najeriya ba ta da ita.

Sau ɗaya majalisa ta ji kunya ta ja da baya. Bayan surutu ya yi yawa cewa ana cajin 'yan wasan da suka ɗaga tutar ƙasa, a 2016 Obama ya sa hannu a dokar da ta yafe haraji a kan lambobin Olamfik da ladan da ke biye da su, ga duk wanda samunsa bai haura dala miliyan 1 a shekara ba.

Ingila ta bi wata hanyar tun da wuri. A 1925 aka kai wani mutum da ba shi da abin yi sai cacar sukuwa gaban alƙali Rowlatt, ya ce yin caca ba sana'a ba ce da za a ɗora wa harajin kuɗin shiga. Har yau wanda ya ci caca a can kuɗinsa nasa ne cif. Ba wai gwamnatin ta yafe ba ne, a bakin ƙofa take karɓa: kashi 12 na kuɗin kowane tikitin cacar ƙasa da aka fara a 1994 nata ne, kuma a 2001 ministan kuɗi Gordon Brown ya ɗauke harajin da ke kan masu zuba kuɗi ya mayar da shi kan ribar kamfanonin. Kanada ma ba ta taɓa abin da mutum ya ci a cacar tikiti. Bin kamfanoni 'yan ƙalilan ya fi bin miliyoyin mutane sauƙi, kuma tsarin ba ya haifar da mai sayar da tikiti a ɓoye don tsoron fom. Amurkawa na da amsarsu, ita ma ba ta banza ba ce: ina adalci a ce ma'aikaciyar jinya ta biya haraji a kan albashin da ta yi wa gumi, wanda ya kankare kati ya samu miliyan ya tafi salin-alin?

Wannan muhawara ta iso Afirka ta Yamma tare da cacar ƙwallo ta waya da gasannin talabijin. A ƙa'idojin zare haraji daga tushe da Najeriya ta fitar a 2024, an sa kashi 5 a kan abin da mazaunin ƙasa ya ci a caca ko gasar talabijin, kashi 15 ga wanda ba mazauni ba, mai shirya gasar ne kuma zai zare ya kai. Ghana ta riga ta gwada: a watan Agustan 2023 ta fara zare kashi 10 daga cin caca, matasa suka yi caa, maganar ta shiga yaƙin neman zaɓen 2024, ɗan takarar shugaban ƙasa John Mahama ya yi alƙawarin sokewa. Ya hau mulki a Janairun 2025, a watan Afrilu ya sa hannu aka soke harajin, bai cika shekara biyu ba.